Wanda Ya Sauya Awon Kaka, Ya Ci Amanarta?

A ƙasar Jamus akwai wani burodi mai zaƙi, sunansa Stollen, ana gasa shi in Kirsimati ta kusa. Da garin alkama ake kwaɓa shi, da yisti, da madara, da man shanu, da zabibi, da ƙwayar lauz, da ɓawon lemo wanda aka dafa cikin sukari. Yana fita daga tanda sai a shafe shi da man shanu, a barbaɗe shi da garin sukari har ya yi fari fat. An ce siffarsa kwatancin jariri Yesu ce, naɗe cikin zane. Ba a cinsa nan da nan. Akan ajiye shi wuri mai sanyi mako biyu ko fi, domin ɗanɗano ya game.

Gidaje da yawa suna da nasu awon, uwa ta koya wa 'ya. Jamusawan da suka ƙaura zuwa Amurka ma sun tafi da nasu.

To, ga tambaya. A ce wata mace ta gaji takardar awon kakarta. Ga shi ɗanta ƙarami in ya ci lauz sai jikinsa ya kumbura. In ta zuba lauz, yaro zai zauna yana kallo ana ci. In ta cire, 'yan'uwanta za su ce, "Wannan ba burodin Kaka ba ne." Me za ta yi?

Kada mu yi gaggawar rena masu ƙin sauyi. Suna da hujja. Bana a cire lauz, baɗi a rage man shanu, shekara ta zagayo a saya na kanti. Da haka abin gado yakan ɓace, ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya ɓace. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma bari mu dubi tarihin burodin kansa. Tun shekara ta 1474 aka rubuta sunansa a birnin Dresden. A zamanin nan burodin azumi ne, gama dokar ekklesiya ta hana cin man shanu a makonnin da ke gaban Kirsimati. Gari ne, da yisti, da ruwa, da ɗan man ganye, ba daɗi. Sarakunan Saksoni suka kai kuka wurin Paparoma. A 1491 Paparoma Innocent na 8 ya aiko da wasiƙa ya yarda a sa man shanu, bisa sharaɗin a ba da kuɗi domin ginin majami'ar Freiberg. Ka gani, ya mai karatu, man shanun da ake cewa shi ne asali, dā shi ne baƙo.

Haka kuma lokacin da Jamus ta rabu biyu, daga 1949 zuwa 1990. Dresden ta faɗa gabas, inda zabibi da lauz da ɓawon lemo suka yi wuyar samu. Dangi na yamma suka riƙa aiko da su cikin ƙunshi, na gabas su gasa su aika musu da burodi. Da ɓawon lemo ya ƙi samuwa, har ɗanyen tumatir aka dafa cikin sukari a madadinsa. Wa zai ce waɗannan sun ci amanar kakanni? Ashe ba su ne suka riƙe ta ba?

Duk da haka, ba kowane sauyi ke daidai ba. A yau mai sayar da burodi da sunan Dresden dole man shanunsa ya kai rabin nauyin gari, kuma an hana shi sa majarin. Dokar tana da kyau. Wanda ya rage mai domin riba, ya kuwa riƙe sunan, maƙaryaci ne.

Saboda haka ma'auni biyu ne. Na fari, don me ka sauya? Don ƙauna da larura, ko don ƙyuya da kwaɗayi? Na biyu, ka faɗa a fili, ko ka ɓoye?

Kakar nan ba don takarda ta tashi da asuba tana kwaɓa ƙullu ba. Don 'ya'yanta su taru su ci ta yi. Da tana da rai, ta ga tattaɓa kunnenta zaune hannu wofi, da ita za ta fara tsame lauz. Shawararmu ga matar ke nan: ki cire lauz, ki gaya wa 'yan'uwanki dalili. Kada ki goge rubutun Kaka. Ki rubuta naki a ƙarƙashinsa, da shekara, da abin da ya sa, domin na bayanki su san abin da aka bari da wanda aka bari dominsa.

Kai fa, mai karatu, wane abu iyayenka suka bar maka? Ka san dalilin da ya sa suke yinsa, ko awon kaɗai ka riƙe?