BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: NASIHA GA IYAYE DA 'YAN SS1

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Duk shekara idan JAMB ta saki sakamako, gidaje da yawa a nan Kudenda da Nasarawa da Kakuri sai ka ga kamar an yi rasuwa. Yaro ya ƙi cin abinci, yarinya ta kulle kanta a ɗaki, uba yana ta faɗa. A 2025 kusan yara miliyan 2 suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Da yawansu ba daƙiƙai ba ne. Karatun shekara uku aka so su haɗiye a wata uku.

Mu da muka taso gaban alaramma mun san ba haka ake hadda ba. Allo ɗaya ake rubutawa, a biya, a wanke, gobe a ƙara, kullum ana tilawar baya. Babu wanda ya haddace izu sittin a dare ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Wannan ƙa'ida tana aiki a ibada, tana aiki a lissafi da Turanci.

To me za a yi tun daga SS1?

Na farko, a zauna da yaro a ji inda ya dosa, a duba inda Allah Ya ba shi basira. JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗin da ake nema ne ke yanke su. Mai son likitanci sai da Physics da Chemistry da Biology. Mai son injiniyanci sai da lissafi da Physics da Chemistry. Mai son karatun lauya kada ya yi sake da Literature. Sau nawa iyaye suke samuna bayan sallah, yaro ya gama SS3 sannan aka gano darasin da ake nema bai taɓa zama ajinsa ba? Mintuna kaɗan da malamin makaranta a SS1 sun isa su hana asarar shekara guda.

Na biyu, kiredit biyar a WAEC ko NECO, ko NBAIS ga 'yan makarantun Larabci da Islamiyya, su ne tushe. Turanci da lissafi su ne masu kayar da yaranmu, don haka su za a riƙa taɓawa kullum. Awa ɗaya bayan Asuba ko bayan Isha'i ta fi kwana uku ana raba dare gab da jarrabawa.

Na uku, takardu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. A yi ta da wuri, a tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Kar a ga Muhammad a nan, Mohammed a can.

Na huɗu, jarrabawar a kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa zama gabanta ba zai firgita ko da ya san amsa. A riƙa kai shi shagon kwamfuta ko sau ɗaya a wata ya saba.

Yanzu sai ku, iyaye. Na san abin da ke ranku. Da yawa cikin iyayen wannan yanki masaƙun Kakuri suka yi wa aiki, suka ga yadda aka rufe su, shi ya sa suke son 'ya'yansu su riƙe takarda mai ƙarfi. Niyya ce mai kyau. Amma ku ji tsoron Allah, kar a mayar da yaro jakin kaya. Boko da safe, lesin da rana, Islamiyya da yamma, wani lesin da dare, yaushe zai huta? Ƙarshen Suratul Baƙara ya koya mana Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda'i yana wahalar da kansa da azumi da tsayuwar dare, sai ya tuna masa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Idan a nafila aka faɗi haka, ina ga JAMB? Ku bar yaro ya yi barci, ya buga ƙwallonsa. Ku daina cewa “ka ga ɗan wane”. Kuma kada a cire shi daga Islamiyya da sunan jarrabawa, a rage lesin ɗin da ba ya ƙara komai.

Wanda bai shirya da wuri ba shi ne yake ƙarewa a makarantun da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Wallahi wannan algus ne, kuma a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus, a kan hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa. Ka yarda likitan da ya sayi sakamako ya duba mahaifiyarka?

Ku kuma 'ya'yana, ku ɗaure raƙuminku sannan ku yi tawakkali. Ku yi istihara kafin zaɓen kwas, ku yi shawara da malamanku. Idan ABU Zariya ba ta samu ba akwai KASU, akwai Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, akwai kwalejojin ilimi da na jinya, akwai kuma baɗi. Makin jarrabawa ba shi ne darajarka a wurin Allah ba, arziƙinka an rubuta shi tun kana cikin mahaifiyarka. Naka shi ne ƙoƙari na halal, yau kaɗan, gobe kaɗan.

Allah Ya buɗe ƙwaƙwalen 'ya'yanmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba iyaye haƙuri da abin ɗawainiya. Mai ɗa ko ƙani a SS1, ya zauna da shi a wannan makon.

Wallahu a'alam.