Sayen Gida a Hanyar Ruwa: Tawakkali ne ko Ganganci?



Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 garuruwa irin su Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suke ta bunƙasa. A Kazaure, inda duwatsu da madatsar ruwa suka rage sarari, ga hanyar Kano zuwa Daura, ga kwalejin Hussaini Adamu, fili mai kyau ya yi tsada. Saboda haka gini ya kai bakin kududdufi da gefen bola da kwarin da ruwa yake bi. Ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje masu yawa a jihar, ta sa tambaya ta zama tilas: me ke kai mai hankali ya zuba gumin shekaru a inda kowa yake gudu, kuma mene ne hukuncinsa?

Masu sayen nan kashi uku ne.

Na farko shi ne wanda haya ta gajiyar. Kowace shekara mai gida yana ƙara kuɗi, iyali suna ƙaruwa, abin hannunsa kuwa bai kai tudu ba. Wannan ba abin dariya ba ne, domin neman sutura ga iyali wajibi ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Na biyu shi ne wanda ya ga aibin wurin, amma ya ga abin da ya rinjaye shi, watau kusanci da tsofaffin iyaye, ko kasuwar da yake nema, ko maƙwabtan kirki. Larabawa sukan ce a nemi maƙwabci kafin gida. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu mai nisa su dawo kusa da masallaci, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da zama, domin ana rubuta musu ladan takunsu. Ashe abin da ido yake gani kasawa, wani lokaci shi ne ribar wurin. Ƙura da nisa da hayaniya duk abin haƙuri ne.

Amma akwai bambanci tsakanin wahala da halaka. Wanda ya kwantar da 'ya'yansa a ɗakin ƙasa cikin kwari a watan Agusta, yana cewa abin da Allah Ya rubuta ba makawa, bai fahimci ƙaddara ba. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa daga hanya, ya bayyana cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar Allah. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Idan lalura ta kai mutum irin wannan wuri, to, ya ɗaga harsashi, ya haƙa magudana, ya kwashe iyali in ruwa ya yi ƙarfi. Sa'an nan ya sani ruwa ba ya mance hanyarsa: in aka toshe ta da katanga, gidan maƙwabci zai shiga. Shari'a ta hana cuta da cutarwa, kuma takardar fili ba ta halatta su.

Na uku shi ne wanda aka rufe. An kai shi filin da rani, ƙasa a bushe, dillali yana rantsuwa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan rariya aka sayar masa da sunan ƙwarya. Annabi ya taɓa sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algushi. A mazhabar Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma in ya ɓoye, mai saye yana da haƙƙin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. La'adar da dillali ya ci a kan shirunsa ba ta da albarka, haka kuma mai unguwar da ya sa hannu yana sane.

Hukuma ma tana da nata kason. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna domin amfanin jama'a. In ba a yanka wa talaka fili a tudu a kan kuɗin da zai iya ba, kwari zai koma, kuma za a tambayi kowane makiyayi abin kiwonsa.

Saboda haka mai niyyar saye ya je ya ga fili da damina, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya bara, ya yi istihara. Mai sayarwa kuwa ya faɗi gaskiya ko da ciniki zai lalace. Allah Ya ba Musulmi matsuguni mai aminci. Allah Shi ne mafi sani.