Hular da Za Ta Yi Masa Kaɗan Baɗi

Duk macen da ta taɓa ɗinka wa ɗanta hula da hannu ta san lissafin ba ya fita. Ki sayi yadi, ki kai wa mai zane ya fitar miki da fure, ki sayi zare kala-kala, sannan ki duƙufa makonni kina huda kina zagaye kowane ɗan rami da allura. In kin gama, tela ya haɗa miki kai da jiki, mai wankin hula ya sa sitati ya kifa ta a kan ice ta ɗau tsari. Ranar Salla yaro ya ɗora ta, ya je idi, ya dawo da maiƙon nama a gefenta. Kafin wata Sallar ta zagayo, kansa ya fi ƙarfinta. Ga kuma ta inji can a kasuwa, jibge, mai araha, ba ciwon ido ba ciwon baya.

Tafiya gida lokacin dogon hutu ma haka take. A birnin Kano muke zaune, ni 'yar Rano ce, maigidana mutumin Kibiya. Da an rufe makarantu wajen ƙarshen Yuli sai mu tattara yara mu bi ta Bunkure mu sauka Rano wajen iyayena, in mun ɗan kwana biyu mu zarce Kibiya wajen nasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani, ga tsaraba, ga hidimar hanya. Mu dawo a Satumba da gajiya, da cizon sauro a ƙafafun yara, da rigunan da laka ta sauya wa kama.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ta addini ce. Tunda duniya mai ƙarewa ce, kuma za a tambaye mu yadda muka tafiyar da kwanakinmu, mene ne matsayin wahalar da muke sha a kan abin da mun riga mun san ba zai daɗe ba?

Yayana ne ya fara jefa min ita. Mutum ne da ya yi karatun zaure, ba ya magana da ka. Ya tarar da ni a tsakar gidanmu na Rano ina ta fama da allura, ya tsaya ya duba, ya ce, "Ƙanwata, lokacin nan da kike zubawa a hular da baɗi ba za ta shige shi ba, da izu nawa kika karanta a cikinsa?" Na ce, "Yaya, ai hannu ne ke aiki, baki yana nan." Ya yi dariya, amma bai janye ba. Ya tuna min hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ke nuna cewa cikin abubuwan da za a tsayar da bawa a tambaye shi ranar alƙiyama akwai rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita. Ya kawo misalin da ke cikin Suratul Hadid, inda aka kwatanta rayuwar duniya da shukar da ruwan sama ya raya, ta burge manomi, sannan ta yi fatsi-fatsi ta bushe ta karmashe. Ya rufe da cewa duniya budurwar wawa ce.

Maganarsa tana da nauyi, kuma ba na cikin masu ɗaukar gudun duniya a matsayin tsohon yayi. Sai dai shi wannan misali na shuka, a kan hanyar Rano na fi fahimtarsa. A watan Agusta, daga Bunkure har Kibiya, ko'ina kore shar, dawa da gero da masara sun rufe hanyoyin ƙafa, gyaɗa ta shimfiɗu. Babu manomi ɗaya a wannan ƙasa da bai san cewa nan da kaka duk wannan zai koma kara da harawa ba. Ya sani sarai, amma da asuba yana gona. Kuma babu malamin da ya taɓa ce masa ya ajiye fartanya tunda ganyen zai bushe. Abin da ayar ta ambata kafin ta kawo misalin shi ne wasa da shagala da ado da alfahari da gasar tara dukiya da 'ya'ya. Can ne cutar take, a ruɗuwa da abu har a manta da ƙarshensa. Wanda ya san ƙarshen abu, ya kuma kyautata shi saboda Allah, wannan bai ruɗu ba.

Hadisin da ya fi kwantar min da hankali a nan shi ne wanda Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas, cewa ko da tashin alƙiyama ya riski mutum da ɗan dashen dabino a hannunsa, in yana da halin dasawa kafin ta tsaya, to ya dasa. Wannan dashe ba zai yi 'ya'ya ba, ba wanda zai sha inuwarsa, ko kwana ɗaya ba zai yi a ƙasa ba. Duk da haka an ce a dasa. Ashe ke nan ba tsawon kwanan abu ne ke ba aikinsa daraja a wajen Allah ba. Da haka ne, da tuwo ya fi kowane aiki zama asara, tunda a yini ake wahalarsa, a ɗan lokaci a cinye.

Ita kanta allura tana da gurbi a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka tambayi Nana A'isha abin da yake yi a cikin gida, ta ambaci cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Babu wanda lokacinsa ya kai nasa tsada, amma bai ga ɗinke ɓaraka a matsayin ɓata lokaci ba. Nana Zainab 'yar Jahshi aikin hannu take yi tana sadaka da abin da ta samu. Buhari ya ruwaito cewa Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. A nan ƙasar tamu ma, labari ya shahara cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo igiya yake tuƙawa. Sai kuma ƙissar Hanzala a cikin Muslim, sahabin da ya ji tsoron ko ya zama munafuki saboda in ya bar majalisar Annabi ya koma cikin mata da 'ya'ya da sana'a, zuciyarsa takan sassauta. Amsar da ya samu ita ce kowane yana da sa'arsa. Damuwar Yayana ke nan, kuma tun a wancan zamani aka amsa ta.

Akwai kuma abin da sai a Kibiya na gane shi, a gindin surukata. Inna har yanzu tana saƙar faifai. Takan zauna bakin ɗakinta bayan la'asar, ga kaba a jiƙe cikin ƙwarya, wata fara, wata ta sha rini ja da kore, ga damin ciyawa a gefe, ga basilla. Tana huda, tana zura kaba, tana naɗe ciyawar, faifan yana buɗewa zagaye bayan zagaye. 'Yata ta matsa ta ce sai an koya mata. Inna ta fara mata gindin, ta miƙa mata. Yarinya ta yi ɗan layi, wani wuri a matse, wani a sake, ta ɗago tana murna. Inna ta karɓa ta juya shi, ta ce, "Kishiya, wannan in kika rufe wa mijina tuwo da shi, ƙuda zai riga shi ci. Warware ki sake." Hawaye ya ciko mata, ta dube ni. Na kau da kai. Ta warware, ta sake.

Da daddare da aka kawo tuwo, na ga 'yata ta ɗauki faifan da aka rufo kwanon da shi tana bin layukan da yatsa tana ƙirgawa. Abin da ta saba jefarwa gefe ne, yau ta san abin da ya ci. Inna ta kuma fito wa yaran da tsohon mazarinta, ta nuna musu yadda a da ake gurza auduga a shiɓe ta a kaɗa zare, da ɗan alli a yatsa don kada ya zame. Yaron birni yana zaton riga daga leda take fitowa. Ana umartarmu da godiya, to amma yaya mutum zai gode wa ni'imar da bai san hanyar da ta biyo ta iso shi ba? Suratul A'arafi ta ambaci tufafi cikin abin da Allah ya saukar wa 'yan Adam don sutura da ado. Wanda ya taɓa soke yatsarsa da allura ya fi jin nauyin wannan.

Ga mu 'yan Rano kuma abin ya haɗa da asali. A labarin Bayajidda, da aka raba wa Hausa Bakwai ayyuka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato rini. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda tufar da ake saƙawa a rina a wannan ƙasa take kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kura, maƙwabciyarmu, da baƙin rininta mai ƙyalli ta yi suna a wajen Buzaye. Yau yawancin masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun rufe, Kantin Kwari kuma ya cika da yadin waje. Hulata ɗaya ba za ta tayar da masaƙa ba. Amma ɗan abin da ya rage na wannan ilimi yana hannun mata a cikin gidaje, kuma ba a rubuce yake ba. Daga hannu yake zuwa hannu, in aka tsallake tsara ɗaya ya tafi.

Tafiyar ma ba yawon banza ba ce. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa sadar da shi yana jawo yalwar arziki da albarkar kwana. Waya tana isar da gaisuwa, amma ba ta sa yaro ya san ɗan baffansa har su je ginin laka tare, su ƙera mota da gwangwani da tsohon silifas, su gasa ɗanyar masara su ƙona baki. Maigida ya kai yara duwatsun Rurum, ya kai su su ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya nuna musu cewa ruwan nan ne ke bin magudanai ya je ya shayar da shinkafa da tumatir a Kura da Bunkure da rani. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Yaron da bai san komai ba sai kwalta da katanga, da me zai yi tunani a kan halitta?

Duk da haka akwai inda Yaya ke da gaskiya, kuma wuraren ba kaɗan ba ne. In na gama hula, abin da ya fara zuwa raina shi ne in ɗau hoto in ɗora a WhatsApp don a ce wance ta iya, to na shiga cikin alfaharin nan da ayar ta ambata. In kayan Sallar yara suka zama gasa tsakanin facaloli har aka ci bashi, ɗinkin hannu bai tsarkake shi ba. In aka kira salla na ce bari in ƙarasa wannan furen, allura ta hau kan abin da ya fi ta. Haka namijin da ke yabon aikin hannu da baki, alhali idon matarsa ne ke mutuwa a gaban fitilar caji bayan ta gama girki da wanki, shi ma ya sake tunani. Aikin da aka yi don so daban, wanda aka ɗora wa mutum daban.

Mafi muhimmanci, mu mutanen birni mu tuna cewa dogon hutu yana faɗowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai iso ba, kuɗin gida ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. Ka kwaso iyali ka sauke wa tsoho a Agusta hannu rabbana, ya yanka maka kazar da yake tattali don kunya, ka koma kana cewa ka yi zumunci, alhali nauyi ka kai. Wanda zai je gida da damina ya tafi da abincinsa da ƙari, yaransa kuma su shiga gona tare da na gida maimakon su zauna a inuwa ana yi musu hidima.

In an kiyaye waɗannan, to hujjar da Yaya ya kawo ita ce hujjata. Ya ce duniya ba ta daɗewa, na yarda, shi ya sa ma ba na jinkirtawa. Inna ba za ta zauna tana jiran ranar da kuɗin mota zai sauka ba. Yarinyar da yau take roƙon a koya mata saƙa, nan da 'yan shekaru ko an roƙe ta ba lallai ta zauna ba. Wasu alherai suna da ƙayyadadden lokaci, in ya wuce ba su da ramuwa, kuma yi wa ƙaramin yaro abu da hannunka, da kai shi gaban kakarsa tana da sauran ƙarfi, suna cikinsu. Tambayar da za a yi min a kan kwanakina ta haɗa da izun da na karanta, ta kuma haɗa da waɗannan mutane da aka ba ni amanarsu na ɗan lokaci.