Ku Sauke Wayoyin Nan, Ɗan'uwanku Ne a Kwance

Jama'ar Hausawan Agege, manya da yara, daga Zango har Oko-Oba, da 'yan'uwanmu na Mile 12 da Idi-Araba. Don Allah ku saurare ni, ko da maganar za ta yi ɗaci, domin abin da idona ya gani ya hana ni sukuni.

Kwanakin baya tirela ta banke wani yaro ɗan acaba kusa da gadar Pen Cinema. Kan ka ce kwabo jama'a sun yi masa zobe, kuma mafi yawansu namu ne. Kowa ya zaro waya. Wani har da durƙusawa don ya ɗauko fuskar da kyau, wani yana cewa na gabansa ya matsa ya tare masa. Yaron yana motsa baki, babu mai laƙƙana masa kalmar shahada. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi ce ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa ƙafa, tana ihu a kawo mota. Bai kai asibiti da rai ba. Allah ya jiƙansa.

Kawunsa, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, yana ta shawarar wane dattijo zai kira a ƙauye ya je ya shaida wa gida a hankali. Ashe an riga shi. Bidiyon ya isa Arewa tun kafin magariba. A wayar wani yaron maƙwabta mahaifiyar ta ga ɗanta cikin jini, ta gane rigarsa.

Haba jama'a! Wace irin zuciya ce wannan? A da, in ɗan Arewa ya rasu a Ikko, manya ake samu su zauna, a aika gida. Dattijo ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa, ya fara da maza, sannan a shiga cikin gida da lallashi. Yau yaron da ko gemu bai tsiro ba shi ke kai wa uwa labarin mutuwar ɗanta, har da ɗora waƙa a kan bidiyon. Kai da ka ɗauka, da ƙaninka ne a kwance za ka ɗauka? Ke da kika ɗora a sitatus, da mijinki ne fa?

Kada wani ya ce ina gaba da zamani. Na san lokacin da sai an ba direban motar goro wasiƙa ko kaset, a yi makonni ana jiran amsa. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 muka huta da wannan. Yau dillalin shanu a Oko-Oba yana ciniki da Maigatari ko Potiskum yana zaune, kuma lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, tiransifa da masu POS ne suka rufa mana asiri. Ni'ima ce. To amma da ni'imar muka tozarta gawar ɗan'uwanmu.

Kuma ba a bakin titi kawai cutar take ba. Ka je shago, yaron shago ya kafa ido a TikTok, sai ka yi sallama har ka gaji. Maigadi yana kallon fim, ƙofa a buɗe. A majalisa kowa ya sunkuyar da kai, babu mai tambayar wani ya iyali. Liman yana tsakiyar karatu, kiɗan fim ya tashi daga aljihun wani. Ni kaina tsakar dare ake tashina da saƙon murya wai "a tura wa kowa". Wa ya faɗa? A ina aka yi? Oho! Wanda ya saba kallon duniya ta gilashin waya, ranar da ya ga mutum yana shure-shuren mutuwa ma kallo zai tsaya yi. Abin da ya faru da yaron nan ke nan.

Ku ji tsoron Allah, ku tuna inda muke zaune. Mun ga rikicin Idi-Araba a 2002. Mun ga na Mile 12 a watan Maris na 2016, lokacin da aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwa, tumatir da tattasai suka ruɓe a hannun mutanenmu. Mun ga na Shasha ta Ibadan a 2021. Daga ƙaramar hatsaniya irin waɗannan fitintinu kan tashi. Bidiyon yaron nan ma, da wani ɗan iska ya rubuta a ƙasansa cewa kashe shi aka yi da gangan, me kuke tsammani zai faru a Agege, me zai faru a Kano? Ko kun manta 2014, lokacin Ebola, da saƙon waya ya tashi mutane da asuba suna wanka da ruwan gishiri, wasu suka sha har suka kwanta asibiti? Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin ɗaukar labari, amma yatsanmu ya fi hankalinmu sauri.

Maganin ba shi da tsawo. In ka ga haɗari, kira 112 ko 767, ka kama a ɗauki mutum. In bidiyon gawa ya shigo wayarka, goge shi, ka tsawata wa wanda ya turo. Malamai su faɗa a mumbari, masu unguwanni da shugabannin kasuwa su ja kunnen yaransu.

Duk wanda ya ɗauki bidiyon nan ko ya tura shi, ya sani akwai haƙƙin uwar yaron a wuyansa, ya nemi gafara tun yana da rai. Allah ya ba ta haƙuri, ya shirye mu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.