Ko Ya Kamata A Ba Yarinya Magani Domin Fargaba?

Wani dattijon ikilisiya ya zo wurinmu bayan sujada, ya jira sai da jama'a suka watse tukuna ya buɗe baki. Yana da 'ya mai shekara 15, yarinya mai hankali, mai ƙwazon karatu. Wata biyar ke nan ba ta barcin kirki. Da asuba zuciyarta ta kan riƙa bugawa kamar ta wanda aka koro, tafin hannunta ya jiƙe da gumi, cikinta ya murɗa. In ta kai ƙofar makaranta sai ta tsaya cik, ta kasa shiga. An yi mata addu'a a gida, an yi mata a taron mata. Daga baya uwarta ta kai ta asibiti, likita ya duba ta, ya ce ciwon fargaba ne, ya kuma kawo maganar wani magani da za ta riƙa sha kowace safiya. Dattijon ya ce mana, "Malam, in na yarda, ashe ban koya wa yarinyar nan cewa addu'armu ba ta isa ba? In kuwa na ƙi, ta lalace a hannuna, me zan ce wa Ubangiji?"

Ba mu amsa masa nan take ba, gama tambayar tana da nauyi, kuma mun sani ba gidansa kaɗai ta shafa ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne Matiyu sura 6 da Filibiyawa sura 4, inda aka gargaɗe mu a kan alhini. Ya ɗauka tun da shi ke an hana alhini, to, fargabar 'yarsa zunubi ce, zunubi kuwa tuba ya ke bukata. Amma alhinin da Ubangiji ya tsauta a kai na mutum ne wanda ya ƙwallafa ransa a kan ci da sha da sutura, har ya manta yana da Uba. Abin da ya kama yarinyar nan dabam ne. Allah ya sa tsoro a jikin ɗan Adam kamar mai gadi: in ka ga maciji, zuciya ta yi sauri, numfashi ya ƙaru, ƙafafu su shirya gudu, tun kafin ka yi tunani. A wurin waɗansu mutane mai gadin nan ya kan riƙa kuwwar ɓarawo dare da rana, alhali babu ɓarawo. Yarinyar ta sani sarai babu abin tsoro a aji, amma saninta bai hana zuciyar bugawa ba. Wanda ya ce mata ta ƙara bangaskiya, ya ɗora mata laifi a bisa ciwo, ta koma tana tsoron makaranta, tana kuma tsoron Allah ya yi fushi da ita.

Mu duba 1 Sarakuna 19. Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu domin tsoron Yezebel, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai tsauta masa ba. Ya tashe shi ya ci, ya sha, ya bar shi ya koma barci, sa'an nan ya sake tashe shi ya ci. Sai da jiki ya sami ƙarfi tukuna aka yi masa magana a Horeb. Haka kuma a 2 Sarakuna 20, Allah ya riga ya yi wa Hezekiya alkawarin warkewa da ƙarin shekara 15, duk da haka Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Annabin bai ga saɓani tsakanin alkawarin da ɓauren ba.

Akwai dai labarin da a kan kawo mana kullum, watau na sarki Asa a 2 Labarbaru 16, wanda ya yi ciwon ƙafa ya nemi masu magani, aka zarge shi. A karanta surar tun daga farkonta. Mutumin nan ya riga ya jingina ga sarkin Suriya, ya kuma jefa Hanani mai gani a kurkuku domin ya faɗa masa gaskiya. Laifinsa shi ne ya daina neman Ubangiji tun da daɗewa, ciwon kuma bai komo da shi ba. Uban da ya yi wata biyar yana durƙuso saboda 'yarsa ba ya cikin wannan hukunci.

To, magani ba haram ba ne. Amma halal ɗinsa bai nuna cewa kowane yaro mai tsoro yana bukatarsa ba, a nan kuwa shawarar ta ke da wuya.

Abu na fari, a bincika ko akwai zaki na gaske. Wata yarinya tana tsoron makaranta domin ana dukanta, wata domin wani babba yana damunta da abin da ta ke jin kunyar faɗa, wata kuma ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba a lokacin tashin hankali. In aka kwantar da irin wannan tsoro da ƙwaya aka bar sanadinsa, an toshe bakin mai gadi ke nan ɓarawo yana cikin gida, laifin kuwa yana wuyan manya. Jiki ma a duba shi, gama ƙullin nan na wuya wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo, in ya yi aiki fiye da kima, ya kan kawo bugun zuciya da rawar hannu. Yawan goro da shayi mai ƙarfi su ma su kan yi haka.

In an bincika ba a sami kome ba, ciwon kuma yana cin barcinta da karatunta da zumuncinta, sai a ji abin da likitoci suka gano. A shekarar 2008 aka buga wani bincike na Amurka a kan yara 488 masu ciwon fargaba, daga shekara 7 zuwa 17, waɗanda aka bi har mako 12. Cikin kowane 100 da aka ba maganin da a ke kira satralin kaɗai, kamar 55 suka sami sauƙi sosai. Cikin waɗanda aka yi wa jiyyar koyarwa kaɗai, watau gwani ya zauna da yaro yana koya masa ya gwada tunaninsa, ya kuma fuskanci abin tsoron kaɗan kaɗan, kamar 60. Da aka haɗa biyun, kamar 81. Waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kamar 24. Mu dai abin da muka karanta a ciki shi ne, maganin yana aiki da gaske, amma bai fi koyarwar ba, kuma ya fi amfani in yana tare da ita. Inda ciwon bai yi tsanani ba, daidai ne a fara da koyarwar. Sai dai gwanayenta kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu a manyan asibitoci, kuma ba za mu zargi talakan da ba shi da kuɗin motar zuwa kowane mako ba.

Maganin yana da nasa haraji. Ba ya aiki a rana ɗaya, ya kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Da fari ya kan kawo tashin zuciya, ko ciwon kai, ko rashin natsuwa. A shekarar 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kan irinsa, domin a cikin gwaje-gwajen da ta duba, yara kamar 4 cikin 100 masu shan maganin sun yi tunanin kashe kansu ko sun nuna alamarsa, a kan kamar 2 cikin waɗanda ba su sha ba, ko da shi ke babu wanda ya mutu a cikinsu. Saboda haka iyayen da suka yarda da magani ba su sauke kaya ba. Sun ɗauki alkawarin tsaro ne: su ajiye ƙwayoyin a hannunsu, su lura da ita sosai a makonnin fari, su koma wurin likita a ranar da ya sa, kada kuma su tsai da maganin farat ɗaya domin sun ga ta fara dariya.

A kan abu ɗaya ba mu da sassauci. Kada kowa ya je kemis ya sayo wa yaro Valium ko tiramol da kansa domin ya sami barci. Irin waɗannan su kan kwantar da hankali yau, su ɗaure mutum gobe, ya kasa rabuwa da su. Duk mun san abin da maganin tari mai kodin ya yi wa samari da 'yammata kafin gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da shi da yin sa a shekarar 2018.

Da muka ƙara tona zancen, sai muka tarar akwai wani tsoro a ƙarƙashin na farin. Dattijon yana gudun a ce 'yarsa mahaukaciya ce, gobe a rasa mai aurenta. Ba mu raina wannan ba, gama mun san bakin mutane. Amma in kunyarsa ce ta yanke shawarar, to, yarinyar ce za ta biya kuɗin mutuncinsa. Ikilisiya ma tana da nata rabo a nan, domin da a ce ba ma tsegumi, da uba bai jira jama'a su watse kafin ya yi magana ba.

Muka tambaye shi ko ya taɓa tambayar yarinyar abin da ta ke so. Ya yi shiru. Ubangiji Yesu, da aka kawo masa Bartimawus, yana ganin makantarsa a fili, duk da haka sai da ya tambaye shi bukatarsa. Mai shekara 15 tana ƙarƙashin ikon iyayenta, amma jikinta ne zai sha maganin, ita ce kuma kaɗai za ta iya faɗa in wani mugun tunani ya zo mata da dare. Wadda aka tilasta ta kan ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta kan ɓoye tunanin kuma.

Muka ba shi shawara ya koma wurin likitan tare da matarsa da 'yar, ya tambaya ko an duba sauran sanadi, ko akwai mai koyarwar a kusa, da kuma alamun da za su sa su komo da gaggawa. Muka yi addu'a tare, ya tafi. Ran Lahadi ta gaba ya gaya mana ya tambaye ta. Ta ce tana jin tsoron maganin, amma ta fi jin tsoron shekara ta ƙare ba ta shiga aji ba, ta kuma roƙa uwarta ta riƙa kwana a ɗakinta har makonnin fari su wuce.