A Tashi Ƙungiya, A Shigo da Yaran Shago

Telolin Fagge, 'yan kasuwar Sabon Gari da Kwari da Singa, 'yan dako da masu baro, makanikai da masu walda, iyayenmu mata masu tuwo a bakin rumfuna, maganata ɗaya ce da ku, ita ce ƙungiyar nan ta sana'arku da kuka bari ta yi sanyi. Kusan kowane layi yana da tasa. Wata tana da ofis da allo, wata kuwa littafi ne kawai da akwati a hannun wani dattijo. A da, idan an kira taro sai an aro benci. Yau shugaba da magatakarda da ma'aji ne ke zama suna kallon juna, kuɗin wata ya taru a kan mutane har kunya ta hana su leƙowa. Ku tashe ta. Gado kuka same ta, kuma akwai masu jiran ta a bayanku.

Ƙasar da kuke takawa kowace safiya da haɗin kai aka raya ta. Fagge zango ce tun asali, a bayan ganuwa, inda Buzaye da fataken da suka keto Sahara suke sauke raƙuma da gishirin Bilma da kanwa. Mutum ɗaya ba ya keta wannan hanya. Sai an yi ayari, an naɗa madugu, an sa jagaba a gaba, kowa ya ba da kasonsa na kuɗin hanya, kowa ya yarda da hukuncin da aka yanke. A cikin birni ma haka abin yake: maƙera da sarkinsu, mahauta da Sarkin Pawa, marina da manyansu, ba wanda ke buɗe sana'a ya ce shi kaɗai ne gayya.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo dogo, Yarbawa da Ibo da mutanen Saliyo da na ƙasar da yau ake kira Gana. Abin da suka fara yi a baƙon wuri shi ne ƙungiyoyin garuruwansu. Da kuɗin wata na akawu da kafinta da ɗan tireda suke karɓar sabon zuwa, su nema masa ɗaki da aiki, su yi jinyar mara lafiya, su kai gawa gida. Da irin wannan kuɗi ƙungiyar Ibo ta gina makaranta a Kano. A Fagge kuwa, a ƙarshen shekarun 1940, an yi wata ƙungiyar taimakon juna mai suna Taron Masu Zumunta, wadda Abba Maikwaru yake cikin jagororinta. Shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum takwas da suka zauna a Sabon Gari ranar 8 ga Agusta, 1950, tare da su Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa NEPU, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, wadda ta koya wa talakan Arewa ya ɗaga kai ya yi magana. Siyasar kowa tasa ce, ban kawo wannan don in ja ku wani ɓangare ba. Abin lura shi ne mutanen nan sun saba zama tare, sun saba tara kwabo da sisi, sun saba jin ciwon juna, shi ya sa da babban aiki ya zo ya same su a shirye.

Na san abin da ya kore ku, kuma kuna da gaskiya a yawancinsa. An yi ma'ajin da ya juya kuɗin jama'a a shagonsa har suka narke. An yi shugaban da ya hau kujera ya ƙi sauka. An yi lokacin zaɓe da ɗan siyasa ya shigo da buhun shinkafa, ƙungiya ɗaya ta wayi gari ta zama biyu, aminan shekara da shekaru suka daina gaisawa. Wannan duk ya faru, kuma yana da ciwo. Amma wanda ya yi fushi ya zauna a shagonsa ya bar wa mai cin amanar fili ne ya ƙara miƙe ƙafa. Gyaran ba ya buƙatar digiri. A buɗe asusu a banki wanda ba a cire ko naira ɗaya sai mutum uku sun sa hannu. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, da Hausa, a kowane zama, har mai baro ya iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba a sake masa. A sa wa shugabanci wa'adi a rubuce. Mata masu adashi sun daɗe da riƙe wannan ƙa'ida: kowa ta san ranar zubi, kowa ta san ranar ɗaukarta, uwar adashin da ta yi wasa da kuɗi sau ɗaya ba ta sake ganin zubin kowa.

Ku tuna watan Maris na 2016, da wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya. Ku tuna daminar 2022, da ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Yawancinmu ba mu da inshora, ba mu da fansho, ba mu da albashin da zai shigo ƙarshen wata ko an buɗe shago ko ba a buɗe ba. Hukuma takan zo jaje, takan kafa kwamiti, amma wanda zai ba ka yadi goma bashi washegari, ko ya matsa maka gefen rumfarsa ka ajiye tebur, maƙwabcinka ne na layi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, telan da ke kwana a kan keke cikin azumi ya san nawa janareta ke sha kafin ya haɗa kayan sallar mutane. Shago goma da suka haɗa kuɗi suna iya sayen sola ko babban inji ɗaya, suna iya saro zare da shafi a kan farashin sari. Shi kaɗai, kowannensu sai dai ya ci gaba da sayen lita-lita. Zumunta a ƙafa take, kuma ranar da babu gobara ake yin tafiyar.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi tsayawa: yaran shago. Ku dubi yaron nan da ke share muku waje da sassafe, mai saka maɓalli, mai miƙo sifana, mai rakiyar kwastoma da kaya zuwa bakin titi. Shekara nawa yana tare da ku, kuma sau nawa kuka tafi da shi taro? Mun mayar da ƙungiya majalisar masu furfura, sannan muna mamakin yadda matasa ba su damu da ita ba. Yaron da bai taɓa ganin an sasanta masu shago biyu a kan bashi ba, bai taɓa ganin an zaga da hula an tara wa marayun abokin sana'a kuɗin makaranta ba, ina zai koyi cewa haka ake yi? Maƙwabtanmu Ibo na Sabon Gari suna da al'adar da ya kamata mu duba da idon basira: yaro ya yi wa maigidansa shekarun da aka yi alkawari, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa, dangi da abokan kasuwa suna shaida. Mu ma muna da yaye, kuma akwai iyayen gida na kirki da ke yin sa, Allah ya saka musu. Sai dai mun bar shi ga halin mutum ɗaya, wanda ya ga dama ya yi, wanda bai ga dama ba ya riƙe yaro har ya gaji ya tafi hannu rabbana. Ƙungiya ce za ta mayar da shi doka. A rubuta sunan yaro ranar da mahaifinsa ya kawo shi, a rubuta shekarun koyo, a ware wani abu daga kuɗin wata domin keke da almakashi, ko akwatin sifanu, ko jarin farko. Ranar yaye a tara jama'a, a yi addu'a, a ba shi katin ƙungiya a hannunsa. 'Yan matan da ke koyon ɗinki da saƙa a cikin gidaje su ma a sa su a littafin.

Ku kuma samari, kada ku jira a aiko muku da goron gayyata. Kun iya waya, kun iya lissafi a kwamfuta, dattawan nan suna buƙatar wanda zai riƙe musu rajista ya tura wa kowa sanarwa. Ku je ku gaishe su, ku zauna, ku nemi aiki, ku yi haƙuri da faɗansu.

Alhaji, Malam, Hajiya, wanda ake bin sa kuɗin wata shida ya kawo na wata ɗaya, a karɓa ba tare da gori ba, a yafe abin da za a iya yafewa. Wanda ya yi fushi ya tafi, a tura mutum biyu da yake jin nauyinsu su same shi har gida. Magatakarda ya kakkaɓe littafi ya sa ranar zama a cikin watan nan. Idan ranar ta zo, ku rufe shago na awa ɗaya bayan La'asar, kowa ya zo da yaronsa.