Sabuwar ƙofa a tsohon kabad: gyara ne ko algus?

A ƙasashen Turai akwai wata sana'a wadda ta isa mu tsaya mu duba ta. Can, ɗakin girki ba murhu da turmi ba ne a tsakar gida. Ɗaki ne da aka jera wa kabad a jikin bango, wasu a ƙasa, wasu a sama. A 1926 wata mai zanen gini ƴar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara irin wannan ɗaki domin gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus, aka yi wajen 10,000. Daga baya masana'antu suka daidaita awo, da yawa faɗin santimita 60.

To, in shekaru sun ja, ƙofofi ne ke fara tsufa, don su ke shan hannu da maiƙo da tururi. Sai mai gida ya kira masu sana'ar nan. Su kwance ƙofofi da fuskokin aljihuna da mariƙai, su ɗaura sababbi. Gangar jikin kabad tana nan inda take, ba a taɓa ta ba. Kuɗin bai kai na sabon aiki ba. Baƙo ya shigo ya ce: "Kai, kun yi sabon ɗakin girki!" Mai gida ya yi murmushi, bai ce kome ba.

Shin ya yi ƙarya?

Akwai masu cewa ya yi, tunda ya bar mutum da zaton abin da ba haka yake ba. Ni ban bi su ba. Ku dubi gidajen ƙasa na unguwar Birni a Damagaram. Kafin damina ana yi musu yaɓe, wani ma har da zane a fuskar zaure. Bangon na kakanni ne, yaɓen na bana. Wa ya taɓa kiran wannan yaudara? Wanda ya rushe bango mai ƙwari don kawai a ce ya yi sabo, shi ne ya yi ɓarna. Katakon kabad ma daga itace ya fito, kuma mu da muka ga yadda hamada ke cin daji mun san itace ba abin wasa ba ne. Baƙon nan kuwa bai yi asarar ko dala ba. Ya yaba, ya sha ruwa, ya tafi.

Amma bari ranar ta zo da mai gida zai sayar da gidan, ko ya ba da shi haya. Yanzu zaton mutum ya zama kuɗi. Yawancin kabad ɗin nan da garin katako ake yin su, a cuɗe shi da gam a matse. In famfo ya yi ta ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sai allon ya sha ruwa ya kumbura, ya fara marmashewa. Sabuwar ƙofa ba ta warkar da wannan. Aikinta rufewa ne, kuma yadda take rufe tukwane haka take rufe ruɓa. In mai gida ya san da ruɓar, ya yi irin murmushin da ya yi wa baƙo, to murmushin ya zama algus.

Malamai suna ba da labarin yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa. Abin da ya tsawata wa mai hatsin a kai shi ne ɓoye jiƙaƙƙen da ya yi, maimakon ya sa shi a sama kowa ya gani. Bai hana shi sayarwa ba. Shi ya sa a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da ikon mai da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Shi ma kafinta yana da nasa alhaki. Shi ne ya kwance tsohuwar ƙofa, ya ga abin da ke baya. Na kirki zai danna allon ƙasa da ɗan yatsa, ya duba ko ramin kusa yana riƙewa. In ya ji laushi, zai ce wa mai gida wannan kabad ɗin sai an sake shi gaba ɗaya, ko da faɗin haka zai sa a kai aikin wurin wani.